Ranar da Malama Ta Fita da Takalmi Ɗaya

Akwai wata mata tela da kowa a layinsu yake kira Maman Biyu. Shagonta a jikin gidanta yake: keken ɗinki biyu, teburin yanka, da dogon madubi da ya tsage a gefe. Ita ce shugabar mawaƙa a cocinsu. In ta ɗaga murya ran Lahadi, har masu gyangyaɗi a bencin baya sai sun gyara zama.

Ba za a kira ta muguwa ba. In aka ce za a kai ziyara gidan marayu, ita ce ta farko a mota.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da wasu tsofaffi biyu. Mijin mai gyaran agogo ne, ana ce masa Baba Mai Agogo. Matar kuwa shekara talatin da biyu ta yi tana koyarwa a firamare, don haka har ta tsufa Malama ake ce mata. 'Yarsu ɗaya tal, tana aure a gari mai nisa.

Shekara huɗu ke nan da ciwon mantuwa ya kama Malama. Da farko abin dariya ya zama wa mutane. Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi ta miƙe ta ce wa Fasto, "Kai yaro, maimaita wannan jimlar, ba ka faɗe ta daidai ba." Coci ya kwashe da dariya, har Faston. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Daga ranar bai sake kawo ta ba. Masu zuwa gaishe su suka yi ta raguwa, har aka daina.

Shi yake mata wanka, shi yake dafa abinci, shi yake tsefe mata kai da yatsunsa da suka fara rawa. Ya dawo da teburin aikinsa cikin falo don idonsa ya kasance a kanta.

Wani lokaci takan sulale ta shigo shagon Maman Biyu, ta tsaya a kanta ta ce, "Ke, ina aikin gidan da na ba ki?"

Baban Biyu, mijin telar, yakan tsokane ta: "Uwargida, ki yi aikin gidan nan mana, kada a kore ki daga makaranta."

Ita abin ba ya ba ta dariya. Ranar da ranta ya kai ƙarshen ɓaci ita ce ranar da ta shiga ciki ta sauke tukunya, ta dawo ta tarar da Malama riƙe da almakashi, ta yayyanka rigunan mawaƙa uku da ta kwana biyar tana ɗinkawa. Maman Biyu ta ja ta da hannu har ƙofar gidan tsofaffin, ta ɗaga murya yadda duk layin ya ji.

"Baba, in ba za ka iya riƙe ta ba, ka kulle ta a ɗaki! Mu ma muna da abin da ya dame mu."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, 'yata. Barci ne ya ɗauke ni a zaune."

Daga nan sai gaisuwa daga nesa.

Wata Lahadi da safe Maman Biyu ta makara. Mijinta ya riga ya tafi coci da yara, ita kuma ranar mawaƙa za su rera sabuwar waƙar da suka yi wata guda suna koyo. Tana sauri, tana gyara ɗankwali, sai ta ga Malama a bakin mararraba. Jakar hannu a hammata, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar kuwa ba komai.

"Yauwa 'yata," in ji Malama da fara'arta. "Ina hanyar makaranta? Yara suna jira na."

Maman Biyu ta dubi agogon wayarta. Ta waiwaya ta dubi layin. Gida goma ne kawai tsakaninsu da ƙofar Baba.

"Mama, yau Lahadi ce, ba makaranta. Ki koma gida."

Ta wuce. Da ta ɗan yi nisa ta waiga, ta ga tsohuwar ta miƙi hanyar babban titi tana ɗingishi. Ta ciro waya za ta kira Baba, sai ta tuna ba ta da lambarsa. Shekara tara suna maƙwabtaka. Ta ce a ranta, ai wani zai gan ta ya mayar da ita. Ta ƙara sauri.

Waƙa ta yi daɗi ranar. Har wasu mata suka share hawaye.

Da ta dawo da rana ta tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar gidan tsofaffin. Baba yana tsaye da rigar da ya saka a baibai, yana tare duk wanda ya zo wucewa. Ashe ya shiga wanka ne ya manta bai sa sakata ba. Yana hango ta ya nufo ta.

"'Yata, kin fita da safe. Ba ki gan ta ba?"

Duk idanu suka juyo kanta. Ta tuna ihun da ta yi a wannan ƙofar, ta hango abin da za a ce in aka ji ta ga tsohuwar ta bar ta a titi. Kafin ta yi shawara bakinta ya riga ta.

"A'a, Baba. Ban gan ta ba."

Sai masu nema suka nufi kasuwa, don nan Malama ta saba zuwa. Maman Biyu ta ajiye jaka ta bi su, tana kiran "Malama! Malama!" a lungunan da ta san sarai ba ta nan. Sai da la'asar ta yi sannan ta ce, kamar wadda tunani ya zo wa yanzu, "Ko a duba ta wajen babban titi?"

Aka duba. Amma awa takwas sun riga sun wuce, kuma kafin rana ta faɗi aka tsuge da ruwa.

Sai ranar Talata da safe wasu magina suka same ta a cikin wani gini da ba a gama ba, can bayan gari. Tana kwance a jiƙe, ta rungume jakarta, ƙafar nan ta kumbura. Da sauran numfashinta. A asibiti aka ce sanyi ya shiga ƙirjinta sosai. Ranar Alhamis ta cika, hannunta a cikin na mijinta.

Maman Biyu ce ta jagoranci mawaƙa a wurin jana'iza. A baiti na biyu muryarta ta ƙi fita. Mutane suka ce, "Kai, matar nan tana da tausayi." Baba da kansa ya riƙe hannunta ya ce, "Na ga yadda kika yi ta yawon nema. Ubangiji ya saka miki."

Wannan godiyar ce ta fi komai cin ta. Abinci ya daina shiga. Ta zauna a kan keke ta ɗinka hannun riga a wuya. Mijinta ya tambaye ta har ya gaji, ran nan dai ta fashe da kuka ta gaya masa komai.

Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Ba ni ya kamata ki gaya wa ba. Kin san ƙofar."

Kwana goma sha biyu da rasuwar, da hantsi, ta ƙwanƙwasa ƙofar Baba. Ta same shi a teburin aikinsa, agogo a buɗe a gabansa amma bai taɓa shi ba. Ta durƙusa.

"Baba, na yi maka ƙarya. Na gan ta. Ta yi min magana a mararraba, ta tambaye ni hanyar makaranta. Na ga inda ta nufa. Ina sauri ne in je coci."

Tsohon ya cire tabarau ya ajiye a hankali.

"Na tambaye ki, 'yata. Ido cikin ido na tambaye ki."

"Ka tambaye ni, Baba."

"Da ƙarfe nawa?"

"Takwas da rabi."

Ya rufe ido. Ta ga leɓɓansa suna motsi, yana lissafa awannin. Hawaye suka bi ta cikin furfurar gemunsa.

"Ta ji tsoro?" ya tambaya. "Lokacin da kika gan ta?"

"A'a. Murmushi take yi."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Can ya ce, "Ni na bar ƙofa a buɗe. Kullum da wannan nake tashi. Ba zan iya roƙon Allah ya yafe min nawa ba alhali na riƙe naki. Na yafe miki. Amma don Allah ki tashi ki tafi, yau ba zan iya kallon fuskarki ba."

Ta tashi ta fita.

Daga washegari ta fara share masa ƙofar gida. Ta kai abinci, ya dawo mata da kwanon yadda yake. Ta sake kaiwa. A mako na biyu kwanon ya fara dawowa rabi. Ta wanke masa labule, ta gyara masa wuyan riguna biyu. Ba ya hana ta, ba ya kuma cewa da yawa.

Bayan wata guda 'yarsa ta zo tafiya da shi. Maman Biyu ce ta ɗauko akwatinsa zuwa mota. Ya zauna a baya, ya sauke gilashi, ya dube ta sosai a karon farko tun ranar.

"Na gode da abinci, 'yata. Kin iya girki." Sannan ya ƙara da cewa, "Kin san abin da na yi ta so a shekara huɗun nan? Wani ya shigo ya zauna da ita awa ɗaya, in kwanta in yi barci. Awa ɗaya kawai. Ina jin ƙarar kekenki ta katanga, in ce yau zan roƙe ki, sai kunya ta hana ni."

Motar ta tashi. Maman Biyu ta tsaya a tsakiyar layi, hannu biyu a ka, tana kukan da maƙwabta suka kasa rarrashi.

Darasi: 'Yan'uwa a cikin Almasihu, Ubangiji ya ɗora mana ƙaunar maƙwabci, kuma maƙwabcin nan yana da ƙofa, yana da fuska, wataƙila yana jin kunyar roƙo. Sujadar da za ta sa ka tsallake mai bukata a hanya, ka sake duba ta. Gafara tana nan ga mai tuba, amma ba ta dawo da wanda ya tafi. Kada ka jira jana'iza kafin ka nuna alheri. Yau ɗin nan ka ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa da taka, ka karɓi lambar waya, ka tambaya ko akwai abin da za ka ɗauke musu. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wani, ka fara da mutanen layinku.