Kyanwar da Kowa Ya Ƙi Ɗaurewa

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, ni kuma na kawo shi yadda na same shi, ban ƙara ba ban rage ba, cewa a wani birni da ake kira Tsamiyar Kudu an yi wani sarki mai suna Nomau. Mai son adalci ne, sai dai duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi yake ganin ya fi gaskiya. Yana da waziri, Shekarau, dattijo mai ƙarancin magana.

An ce a birnin akwai wani falke, Barmo, wanda ya gaji wasu tantabaru daga mahaifinsa. Mahaifin ne ya zo da irinsu daga Agadas, jajaye masu gashi har ƙafa, babu kamarsu a ƙasar. Barmo ya jera musu tukwane a kan katanga, a ciki suke yin ƙwai. Sai wata kyanwa fara mai baƙin kunne ɗaya ta gano wurin, ta riƙa hawowa tana ɗauke su ɗai-ɗai. Da Barmo ya dawo daga fatauci, sai ya tarar saura namiji da mace kawai, macen tana kwanci. Idan waɗannan suka tafi, irin ya ƙare ke nan.

Ya je fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban zo a biya ni ba, don abin da aka cinye mini ba a samunsa a kasuwa. Na zo a nuna mini mai kyanwar nan, in dube shi ya dube ni, ya riƙe abarsa har 'ya'yan tantabaruna su yi fiffike."

Mai karatu ya lura da sauƙin wannan buƙata, sa'an nan ya ga abin da aka mayar da ita.

Sarki ya aiki dogarai unguwar su nemo mai kyanwa. Maimakon mutum ɗaya sai suka zo da biyu: Jatau mahauci da Gwamma mai fura. Dogaran ba su gaya musu dalilin kiran ba, su kuwa sun zaci Sarki ne ya ji labarin kyawun kyanwar yana son ya yi tukwici. Jatau ya rantse tasa ce, sunanta Hanta, kullum da safe tana gindin tebur ɗinsa. Gwamma ta ce ya ji tsoron Allah, sunanta Kyauta, a kan tabarmarta take barcin rana, shi ko tsoka mai kyau bai taɓa ba ta ba sai jijiya. Suka yi ta musu har sai da Waziri ya ɗaga hannu ya bayyana musu ɓarnar da ta yi.

Jatau ya sosa ƙeya. Ya ce yanzu da ya yi tunani, tasa kamar kunnen dama ne baƙi, wannan kuwa ai na hagu ake faɗi, ko ba haka ba? Ai ta Gwamma ce. Gwamma ta ce, "Ni, Jatau? Baƙuwa ce ta shigo na ba ta abinci don Allah. Kai da ka raɗa mata suna."

Sarki ya dubi wannan ya dubi waccan. Ya ce ɗazu kyanwa tana da masu ita biyu, yanzu ba ta da ko ɗaya, alhali ba wanda ya fita daga zauren. Da abin ya ɗaure masa kai, sai ya bar ƙarar ya koma ga tambaya. Ya ce duk wanda ya gamsar da shi, shin kyanwa a sake ta ta yi yawo ya kamata ko a tsare ta a gida, zai sa masa alkyabba.

Gwamma ta nemi izini ta ce ta ji daga kakarta, an yi wani gari a bakin hamada da mutanensa suka gaji da satar kyanwoyi, suka kulle su a ɗakuna. Ɓeraye suka samu gari. Ba su tsaya ga hatsi ba, suka cinye igiyoyin guga, suka huda salkunan ruwa. Wani ayari ya ɗora kaya bai duba ba, sai da ya yi nisa aka tarar salkuna sun tsiyaye, da ƙyar rabin raƙuman suka dawo. Sarki ya ce lalle Gwamma ta yi gaskiya, a bar kyanwa ta yi yawo.

Barmo ya ce shi ma a tafiyarsa ya sauka a wani gari da kowane gida yake da kyanwoyi ba mai tsawata musu. Suka ƙarar da 'yan tsuntsayen garin har gari ya yi tsit da asuba. Da damina ta zo tsutsa ta faɗa wa gero, babu tsuntsun da zai tsince ta, mutanen da suke alfahari ba su da ɓera ko ɗaya suka wayi gari ba su da abin da ɓera zai ci. Sarki ya ce lalle Barmo ya yi gaskiya.

Da yake Barmo ne ya yi magana a ƙarshe, nan hukunci ya faɗa. Sarki ya ce ai birnin yana da dokar da kowa ya sani: idan shuka ta fito ana ɗaure awaki a turke har kaka. To, a yi wa kyanwoyi haka. Waziri ya buɗe baki, amma Sarki ya riga ya miƙe.

Sankira ya zaga gari da shela. An ce mutanen Tsamiyar Kudu suka kafa turaku a tsakar gida, suka sa wa kyanwoyi igiya a ƙafa kamar awaki. Wasu har harawa suka zuba musu saboda sabo. Kyanwoyi suka yi ta kuka suna naɗe kansu, hannuwan masu gida duk yakushi, ɓeraye kuwa suna wucewa daidai inda igiya ta ƙare su shiga rumbu.

Abin da ya fi ɓata mini rai a labarin nan shi ne wannan. A al'adar birnin, duk dabbar da aka gani a turkenka taka ce, ɓarnarta kuma a wuyanka take. Saboda haka Jatau bai ɗaure fara mai baƙin kunne ba, Gwamma ma ba ta ɗaure ta ba. Duk kyanwoyin da ba su yi laifi ba suna turke, mai laifin kaɗai ke yawo, ga gari ya zama nata. Ta hau katangar Barmo ta ɗauke namijin.

Barmo ya bar ayarinsa ya tafi ba shi. Ya zauna gindin katanga yana zuba wa macen dawa a bakin tukunya don kada ta bar ƙwan su huce. Da kyanwar ta sake zuwa, ya kifa mata kwando, ya rufe da zane, ya ɗauka sai fada.

Aka sake kiran Jatau da Gwamma. Waziri ya ɗaga gefen zanen ya leƙa, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya mayar ya rufe. Ya roƙi Sarki, kafin a buɗe, ya faɗi hukuncin mai ita. Sarki, da kukan kyanwoyi ya ishe shi, ya ce mai ita zai taka da ƙafarsa zuwa gidan Barmo ya ba shi haƙuri, ya kuma tsare ta har 'ya'yan tantabarar su tashi. In ba ta da mai ita, a ƙetarar da ita kogi.

Waziri ya ce, "Ko wane ne, ranka ya daɗe?"

"Ko wane ne."

Aka buɗe kwando. Kyanwa ta fito ta yi miƙa. Ta wuce Jatau, wanda ya duƙufa kallon rufin zaure, ta wuce Gwamma, ta haye shimfiɗar sarauta ta kwanta a cinyar Sarki.

Sarki ya ce a hankali, "Zinariya, me kike yi a nan?"

Ashe kullum da la'asar takan shiga turakarsa ya ba ta madara da hannunsa, shi kuwa a zatonsa ba ta taɓa fita ƙofar fada ba. Da ya kafa dokar turke ma bai ga ta shafe ta ba, don ya ɗauka kyanwoyin gari ake nufi. Ya tambayi Waziri ko wannan ita ce Hanta, aka ce ita ce. Ita ce kuma Kyauta? Ita ce. Ya shafa baƙin kunnen.

Fadawa suka fara buɗa masa hanyar fita. Wani ya ce ai ko dabba ta san Zaki, kowace kyanwa haka za ta yi. Wani ya ce a kai ta kogi a huta. Sarki ya dubi Barmo.

Ya ce, "Tawa ce. A kawo mini takalmana."

An ce ya taka har gidan Barmo, ya tsaya gindin katanga ya ga tukwanen da suka zama wofi, ya ba shi haƙuri a gaban maƙwabta. Jatau da Gwamma, da kunya ta kama su, suka biyo baya suka yi nasu. Aka tsare kyanwar a wani ɗaki mai taga a fada, aka kwance sauran daga turke.

Sarki ya ce wa Waziri har yanzu ba a amsa tambayarsa ba. Waziri ya ce shi ma bai san amsa ɗaya da za ta yi wa kowane gari da kowane lokaci ba, domin labarin Gwamma gaskiya ne, na Barmo ma haka. Abin da ya sani shi ne a sake ta ta yi aikinta, amma kowace kyanwa ta sami gidan da zai amsa sunanta, in maƙwabci ya ce tsuntsayensa ko 'yan tsakinsa suna ƙanana, a tsare ta har su yi ƙarfi. Sarki ya ce bai gamsu sarai ba, amma da yake ba wanda ya ƙara magana, ya sa masa alkyabbar.

Ƙwan suka ƙyanƙyashe, namiji da mace, irin bai ƙare ba. Sauran da aka cinye kuwa ba su dawo ba, ban kuma ga inda aka rubuta cewa Barmo ya daina jin zafinsu ba.

Nan ruwayar ta tsaya. Ni ban ce a kulle kyanwa ba, ban ce a sake ta ba, wanda ya fi ni ma ya rasa. Abin da na tsaya a kai ɗaya ne, ba kuma zan sassauta ba: wanda ya buɗe wa kyanwa ƙofa ta ci a gidansa, dole ya buɗe wa maƙwabcin da ya zo da gashin tsuntsunsa a hannu. Allah ya sa mu iya cewa tawa ce a ranar da faɗin haka yake da nauyi.