Shafin da Khaulat Ta Bari a Buɗe

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, ba zan faɗi sunansa ba. Shi kaɗai ke da shagon kwamfuta a yankin. Neman makaranta, duba sakamako, duk wurinsa ake zuwa.

Ku fahimci yadda abin yake. Idan ka shiga shafin makaranta da sunanka da lambar sirrinka, babbar na'urarsu takan buɗe maka zama naka kai kaɗai, ta ajiye bayananka a wurinta, ta bai wa kwamfutar da kake kai wata 'yar alama, kamar tikitin da mai gadin babura ke ba ka a kasuwa. Ba ta haɗa naka da na wani. Amma fa tikiti ta sani, ba ta san fuska ba. In ka tashi ba ka danna fita ba, wanda ya zauna bayanka, a wurinta kai ne.

Mutumin nan ya san haka sarai. Shi ya sa kullum bakinsa da zaƙi: "Tashi abinka, zan rufe maka."

Maƙwabcinsa Malam Tahir yana da 'ya, Khaulat. Shekara uku tana neman makarantar koyon aikin jinya. A ƙarshe ta samu gurbi, ɗan mai shago kuwa bai samu ba. Ranar kasuwa ta zo ta buɗe shafinta, ta ga sunanta. Kafin ta danna karɓar gurbin, sai ga mahaifinta a bakin ƙofa da babur, ana jiran su wurin cirar gyaɗa.

"Jeki, 'yata, zan rufe miki," in ji mai shago, a gaban mutum huɗu.

Ta tafi. Mutum huɗun ma suka watse. Ga shafi a buɗe: nan karɓa, nan ƙi. Ya kalli ƙofa. Ya tuna ɗansa. Hassada ta ce masa, wa zai sani? Ai sunanta na'ura za ta rubuta.

Ya danna ƙi.

Bayan mako guda Khaulat ta ga an ba wata gurbinta. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Malam Tahir ya bar gyaɗarsa a shanye, ya hau mota sai Kano. Ma'aikacin makarantar ya duba, ya ce: "Baba, an buɗe zamanta sha ɗaya da rabi, an ƙi gurbin sha biyu da kwata, duk a kwamfuta ɗaya."

Sha biyu da kwata! Lokacin Khaulat na duƙe a gona, mata goma suna ganin ta. Mutum huɗun nan kuma ba su manta abin da kunnensu ya ji ba.

Ba wanda ya doke shi. Mutane dai suka ɗauke ƙafa. Gara su hau mota har Kunci da su zauna a kujerarsa. Ya sayar da kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Ɗan da ya yi dominsa ya bar garin don kunya. Khaulat ta sake nema, ta samu a shekarar da ta biyo baya. Shi kuwa yau ko takalmi ba mai ba shi ajiya a ƙofar masallaci.

Wallahi abin yana ba ni tsoro. Na'urar da ɗan Adam ya ƙera ta riƙe sa'a da wuri har ta tona shi, alhali tikiti kawai ta sani. To ina ga mala'ikun da ke kafaɗunka, waɗanda suka san hannun da ya danna? Ranar nan kowa littafinsa za a miƙa masa, ba mai aiki da sunan wani.

Abin da aka bari a buɗe a gabanka amana ce, ka rufe.

Allah ya raba zukatanmu da hassada, ya kiyaye mu da cin amana. Amin.