Akwatin da Baba Kunne Ya Liƙa wa Fanka

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'ar wannan shafi. Ku ce ta zo mu ji ta.

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Kunne, mai kula da babban inji a masana'antar bokitin roba. Shekara ashirin da biyu yana gaban injin nan. Da ya ɗora sukudireba a jikinsa ya kara kunne, zai faɗa maka inda ke ciwo.

Sai kamfanin da ya ƙera injin ya canza salo. A da sayarwa suke yi su kama gabansu, yanzu kuwa sun ce su za su riƙa kula da lafiyarsa. Suka turo wata injiniya, ta liƙa wa injin wani ɗan baƙin akwati.

"Wannan fa, 'yata?"

"Zafi da girgiza yake aunawa, Baba. Kafin abu ya lalace mun sani, mun zo."

"Iyakar abin da yake aunawa ke nan?"

"Iyakarsa."

Baba ya ce to, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wane kamfani ne zai zo gyaran abin da bai lalace ba? Sai ga direban masana'antar ya ƙara wa wutar fetur: "Tsoho, an kawo maka magaji! Har tarinka manaja yana ji daga ofis."

Shi ke nan. Baba ya tabbata so ake a sallame shi. Ya daina hira, ya daina gyangyaɗin azahar. Ran nan ya faki ido ya ɓalle akwatin, ya liƙa shi bayan fankar da ke kusurwa. "Sai ka kai musu gulmar wannan."

Kwana biyar yana sauraron injinsa, lafiya lau. Abin da ya manta, zafi ba shi da ƙara. A rana ta shida mai ya ƙone a ciki, injin ya yi wani gurnani ya tsaya cik.

Injiniya ta zo, manaja na biye da ita.

"Abin ya ɗaure mana kai," in ji ta. "Injin da ke narka roba, a ce akwatin ya nuna ya fi ofishina sanyi?"

Ta duba inda ta liƙa akwatin, wayam. Ta waiga kusurwa, ta hango shi a bayan fanka, ta kalli Baba.

Kallon nan ya fi masa zagi ciwo. Ya juya wajen manaja. "Ni na cire, ranka ya daɗe. Na zaci ni yake gadi."

Manaja ya girgiza kai. "Baba, wa ya taɓa maganar korarka? Mutanen kamfanin da kansu suka ce a bar musu kai, ba su da injin da ya kai naka daɗewa."

Ba a kore shi ba, albarkacin furfura. Amma da aka gyara injin, wani aka ba. Baba yana can baya yana jera bokitai.

Ƙurunƙus, nan zancen ya tsaya.

Darasi: In sabon abu ya shigo wurin aikinka, ka yi tambaya har ka gamsu. Zargi kan sa mutum ya yi wa kansa abin da yake tsoron a yi masa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.