Korar Jatau Mai Ɗaukar Sanda

A zamanin Jamhuriya ta Biyu, a wata majalisar jiha mai wakilai arba'in, ƙa'ida ce zama ba ya halatta sai ma'aikacin majalisa ya shigo da sanda. Wata safiya Kakaki ya tsira daga tsigewa da ƙuri'a ɗaya tak. Cikin murna ya yi niyyar bai wa surukinsa aikin Jatau, mai ɗaukar sandar.

"Jatau, an kore ka, kuma korar ta fara aiki tun jiya. In kana da hujja, kawo ta."

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, na gode. Amma wa ya shigo da sanda yau?"

"Kai mana!"

"Ashe baƙo ne ya shigo da ita, tunda tun jiya ni ba ma'aikaci ba ne. Zaman safe bai halatta ba ke nan. Sai a sake ƙuri'a."

'Yan adawa suka miƙe suna tafi. "A sake! A sake!"

Kakaki ya waiga, ya ga magoya bayansa biyu sun riga sun tafi ɗaurin aure. Ya share gumi.

"Akawu, wane maƙaryaci ne ya ce an kori Malam Jatau?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"To goge maza, kuma a kawo wa bawan Allah kujera!"