Takalman Inna Taibatu

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye tsakanin Bakura da Talata Mafara, sunanta Inna Taibatu. Duk garin an san ta da abu guda. In ta zo wucewa ta gaban Soron Gandu, sai ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ta ɗan leƙa ciki, sannan ta wuce. Ko rana ta gasa ƙasa, haka take yi.

Soron nan na Mai Gandu Balarabe ne. A zamaninsa fadamar garin duk tasa ce. Wanda ke son ya noma ko kunya ɗaya, sai ya fara yi masa aiki: maza a gona, mata su jawo ruwa su yi yaɓen soro, ba lada, ba sannu. Kuma doka ce, talaka ba ya gifta ƙofar da takalmi a ƙafa.

Mai Gandu ya daɗe a ƙasa. 'Ya'yansa sun koma birni, rabin rufin ya rufta, jemagu da awaki suka gaje wurin. Kowa ya daina tuɓe takalmi, ban da Inna. Ba wanda ya taɓa tambayarta dalili, don kowa na ganin ya sani.

Ana nan sai ga Alhaji Falalu, jikan Mai Gandu, ya zo daga Gusau. Irin mutanen nan ne da ba sa fara magana sai sun gyara murya sun wurga hannun babbar riga bisa kafaɗa. Ya sa aka tara dattawa da samari a ƙofar mai gari.

"Ehem. A ƙasashen da sunka ci gaba, irin wanga gini tarihi ne. Za mu shafe shi da siminti, a yi fenti, a kafa allo da sunan kakanmu. Baƙi za su riƙa zuwa har daga Sakkwato."

Mai gari ya kaɗa kai. "To, to. Madalla."

Muttaka, jikan Inna, ɗan kabu-kabu ne mai ɗan zafin kai. Yana bisa babur ɗinsa ya ce, "Tarihin wa, Alhaji? Kakanka na ciki a kishingiɗe, namu na waje da laka a ka. A ba mu diga, kafin la'asar mun baje shi. Ko ba komai mu samu wurin aje babura."

Mai gari ya sake kaɗa kai. "To, to. Madalla."

"Kai yaro," in ji Alhaji, "dubi kakarka. Har gobe tana tuɓe takalmi a ƙofar nan. Wannan shi ne girmamawa. Tsofaffi sun san alherin gidanmu."

"Girmamawa? Tsoro ne ya shige mata ƙashi. Shi ya sa nike son a rushe shi, ta mutu da takalminta a ƙafa kamar kowa."

Duk wannan da ake yi, Inna na gindin darbejiya, ba nisa, tana ƙulla gyaɗar da take sayarwa. Tana jin su. Ba wanda ya juyo wajenta.

Mai gari ya ce a bari a ci kasuwar Talata, sai a sake zama.

Alhaji bai bari ba. Ranar kasuwar, samari sun tafi jigilar mutane, Inna kuma ta tafi suna Jangebe. Sai ya sauke magina daga Maradun. Suka fara daga ciki, ta lungun da rufi bai faɗi ba, don nan ne bangon ya fi lafiya. Kafin yamma sun shafe shi sumul.

Washegari da hantsi Alhaji na tsaye a ƙofar soron, an jingina masa sabon allo, Muttaka na gabansa suna cacar baki. Sai ga Inna da farantin gyaɗarta.

Ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ta sunkuya za ta zare takalmi, ta leƙa ciki. Ta daɗe tana kallon lungun. Sannan ta miƙe, ta gyara farantin, ta taka ta gaban ƙofar da takalmanta.

Muttaka ya washe baki. "Ka gani, Alhaji? Yau tsoro ya ƙare."

Alhaji ya ji abin a ransa. "Inna, ina kwana? Lahiya dai? Yau da munka gyara wurin, yau ne ba ki tuɓe ba?"

"Lahiya lau, Alhaji," ta ce. Muryarta kamar mai faɗin farashin gyaɗa. "Ni ban taɓa tuɓe ma kakanka takalmi ba. Sa'adda yana raye ko takalmin ban da. Innata nike tuɓe mawa."

Sai ta ci gaba.

"Sunanta Hanifa. Tana jan ruwan yaɓe igiyar guga ta cire mata yatsa. Anka ce aiki bai tsayawa. Ta ɗaure da tsumma ta koma bango. A lungun can, daidai ƙirjina, akwai sawun hannu mai yatsu huɗu cikin laka. Gwaggota ta nuna min. Daminar nan Innata ta rasu, ina rarrafe. Maƙabartar ma daga baya anka haɗa ta da gandu anka nome. Ban san fuskarta ba. Hannun na sani. Shi nike leƙawa in gaishe."

Muttaka ya sauko daga babur. "Inna, mi ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaya? Kai ma diga kake nema."

Alhaji ya gyara murya, amma "ehem" ɗin bai fito ba. Ya juya wajen magina ya ce su ɓamɓare simintin, a hankali, don Allah a hankali.

To, siminti ya riga ya kama. Duk inda suka ɓalle, da tsohuwar lakar yake tahowa. Alhaji da kansa ya durƙusa cikin ɓaraguzan da farar shaddarsa yana tonawa, Muttaka na taya shi. Can suka samu wani ɓalli mai sawun yatsu biyu. Alhaji ya kawo mata da hannu bibbiyu.

Inna ta juya shi, ta sake juyawa, ta miƙa masa.

"Wannan kowa na da su," ta ce. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi magina ko akwai mai sayen gyaɗa.

Ranar aka tsayar da shafe. Alhaji ya sa aka gyara rufin kawai, don kada ruwa ya ci sauran bangon, ya ce kada wanda ya ƙara taɓa lakar. Muttaka bai sake zancen diga ba.

Da labarin ya zaga, mutane suka fara shiga soron, waɗanda a da ko inuwarsa ba sa so. Sai a lokacin suka lura bangon duka sawun yatsu ne, daga ƙasa har inda hannun mace ke kaiwa. Wani ya ɗora tafinsa a kan wani sawu. Ba wanda ya san na uwar wa ne. Da yawa a ƙofa suke barin takalmansu, ba tare da an ce su bari ba.

Allon mai sunan Mai Gandu na nan a jingine, fuskarsa na kallon bango.

Inna Taibatu kuwa kullum tana wucewa da farantinta, da takalmanta a ƙafa. Ba ta leƙawa.

Darasi: Kafin ka gyara abin da ka gada, ko ka rushe abin da ka tsana, tambayi wanda aka zalunta a wurin. Kada ka fassara shirun mutum yadda ya yi maka daɗi. Alhaji da Muttaka kowa ya yi hujja da Inna, ba wanda ya taka zuwa gindin darbejiya ya ce mata "me ya sa?" Jama'ar wannan shafi, ku tura wa 'yan uwa, kuma in akwai tsoho a gidanku, ku zauna ku tambaye shi yau.