Yadda Kurege Ya Kashe Wutar Ƙirjinsa

An yi wani Kurege mai naci da ke zaune a gindin tsamiya, bayan wata gonar gyaɗa. Maƙwabciyarsa Gafiya ce, mai haɗama da jin kai. Can gefen rafi kuma akwai tsohuwar Bushiya, wadda ba ta da yawan magana amma ta san ciwo da maganinsa.

Kurege da Gafiya ciwonsu ɗaya, ƙwannafi. Da sun ci abinci sai wani ruwa mai tsami ya taso musu, ya bi ƙirji da zafi kamar sun haɗiyi garwashi. Na Kurege ya yi tsanani, har in ya sunkuya tonon gyaɗa sai ruwan ya zo masa baki. Kaka ta kusa wucewa, rumbunsa wayam, ga mata da 'ya'ya uku.

Ya tafi wurin Bushiya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi saiwa ko ganye. Ta tambaye shi yadda yake cin abinci. Ya ce sau ɗaya yake ci a yini, ya cika ciki da ƙuli-ƙuli da yaji, sannan ya miƙe a inuwa.

"Ɗan nan, in ka cika tulu ka kwantar da shi, me zai faru?"

"Zai zube, Iya."

"To haka cikinka yake. Maganinka ba ya cikin jakata, yana hannunka."

Ta ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan yana taunawa sosai, ya rage maiƙo da yaji da tsami. Kada ya kwanta sai abinci ya faɗa, kuma makwancinsa ya zama wajen kai ya fi wajen ƙafa tudu.

Da Gafiya ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da aka haifa a gindin tsamiya za ka bar tsami? Ni in abin ya taso kanwa nake lasa, in koma kan akushina."

"Kuma gobe ya dawo," in ji Kurege.

"Ya dawo mana. Ni ba a yi mini doka a kan abinci. Je ka zauna da yunwa, ɗan tsohuwa."

Kwanakin farko sun yi wa Kurege wuya. Ƙamshin suya yakan fito daga ramin Gafiya ya same shi har ɗaka, yawunsa ya tsinke. Sai ya tashi ya zagaya tsamiya har ƙamshin ya wuce. Ya tara ciyawa ya yi matashi, amma wuyansa kawai ya lanƙwashe, zafin yana nan. Bai karaya ba. Ya yi kwana uku yana jidar ƙasa, sai da makwancin ya yi gangare tun daga kafaɗa. A rana ta shida ya kasa daurewa, ya ci ƙuli-ƙuli biyar, ya wuni yana murza ƙirji. Matarsa ta ce ko zai haƙura. Ya ce faɗuwa ɗaya ba ta hana tafiya, washegari ya koma kan tsarinsa.

Kafin mako uku ya cika, yana sunkuyawa ya yi tono tun hantsi har azahar.

Wata rana masu gayya suka bar ragowar ɗanwake a bukkar gona, ya sha mai da barkono. Gafiya ta ja Kurege suka shiga ta wata 'yar kafa. Kurege ya zaɓi guda uku, ya share musu yajin, ya ci, ya ja da baya. Gafiya kuwa ta faɗa cikin ƙwarya, ta ci har tumbinta ya taɓa ƙasa, ta lashe man, ta baje bayan buhuna.

"Tashi ki zauna, maƙwabciya. Kwanciyar nan ba alheri."

"Cikinka ko nawa?"

Ba ta rufe baki ba suka ji takun karen mai gona. Suka lafe. Karen ya shinshina ƙwarya, ya juya zai fita. Daidai nan ruwan tsamin ya taso wa Gafiya. Ta toshe baki, idanunta suka kawo ruwa, amma tari ya ƙwace mata.

Kare ya yi kanta. Ta nufi kafar da suka shigo, kai ya wuce, tumbi ya maƙale. Ya cafke wutsiyarta.

Kurege yana iya tserewa, amma ya yi tsalle ya gilma ta gaban hancin karen. Kare ya saki Gafiya ya bi shi. Jikin Kurege sakayau, ya yi ta zille masa cikin kunyoyi har ya shige rami. Gafiya ta samu ta ja jiki ta fice, rabin wutsiyarta na can cikin bukka.

Ta ƙare kaka a kwance tana jinya, ba ta ajiye ko ƙwaya ba. Kurege ya cika rumbunsa har baki. Kullum da safe yakan kai mata ɗan gero a tafin hannu. Ranar farko ta dube shi ta ce, "Wannan ɗan abin?"

"Ci a hankali, ki zauna a miƙe. Da la'asar zan kawo wani."

Ta sunkuyar da kai, ta fara tauna.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya iya riƙe bakinsa ya riƙe rabin lafiyarsa, mai raina shawara kuwa cikinsa ne ke tona masa asiri. Ƙwannafi yana jin tsoron mai haƙuri da naci. In kuma an kiyaye duka amma zafi ya ƙi tafiya, sai a garzaya wurin likita.