Akwatin Rijiyar Tudun Gawo

An ce wai a garin Tudun Gawo an yi wani alƙali, Malam Mamuda, mutum mai nawar magana, wanda ba ya yarda da shaidar da bai taɓa da hannunsa ba.

Mutanen garin suka haƙa rijiyar burtsatse, suka kafa akwatin ƙarfe a jikin ɗakin inji domin ya tsare na'urar wuta daga ruwa da ƙura. Gwadabe mai walda ya yanka fallayen ƙarfen ya ɗaure su da noti. Nomau ya bi gaɓoɓin da gam na roba ya liƙe. Su biyun kuwa ba sa ga maciji da juna. Wannan ya gama nasa ya tafi kafin wancan ya zo.

Damina na sauka, ruwa ya shiga akwatin, na'ura ta ƙone, gari ya koma shan ruwan kududdufi. Nan da nan aka ɗora laifin a kan Cindo mai gadi, wai shi ya bar murfin a buɗe. Dattawa suka ce a kore shi. Tsohon ya yi rantsuwa har ya yi kuka, amma wa zai saurare shi?

Da magana ta kai gaban alƙali, sai ya ce a je wurin akwatin. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, aka rufe, aka kwarara ruwa bokiti bayan bokiti. Da aka buɗe, ƙyalle a bushe ƙamas.

Gwadabe ya ce, "Allah gafarta malam, ka gani da idonka. Aikina ba ya yoyo."

Nomau ya ce, "Balle nawa."

Alƙali ya ce, "Ruwan sama ya taɓa jira a kashe inji kafin ya zuba? Ku tada shi."

Inji ya tashi, bango ya ɗauki rawa, akwati ya bi. Aka sake kwarara ruwa. Wannan karon ƙyallen ya fito sharkaf. Alƙali ya sa farce ya ja gam ɗin, sai ga shi ya taso salin-alin kamar ɓawon dafaffen rogo. Ya shafa yatsa a gurbin, ya sansana.

"Gwadabe, warin mai nake ji."

"Haka ne, Allah gafarta malam. Ba na sakin ƙarfe sai na shafe shi da mai saboda tsatsa. Haka ubangidana ya koya mini."

"Ka gaya wa Nomau?"

"Ba ma magana."

"Kai Nomau, gam yana kama mai?"

"Ina! Ko kusa."

"Ka tambaye shi kafin ka liƙa?"

Nomau ya sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce, "Ƙarfen Gwadabe lafiyayye ne, gam ɗin Nomau ma haka. Ruwa bai bi ta aikin ɗayanku ba, ta tsakaninku ya bi. Saura ƙiris gabarku ta ci tsohon da bai ji ba bai gani ba. Cindo ya koma bakin aikinsa, dattawa su ba shi haƙuri a bainar jama'a. Ku kuma ku sake akwatin a rumfa ɗaya, wannan na riƙe wancan na liƙe. Ba zan karɓa ba sai na ga hannu biyu a kan kowace gaɓa."

Cindo ya share fuska da bakin rigarsa, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Masu hankali suka riƙe wannan: in gwanaye biyu suka ƙi magana da juna, a mahaɗar aikinsu ɓarna take kwana, kuma wanda bai san komai ba ake fara kamawa.